Garejin Da Rufinsa Ya Kwanta: Yadda Aka Zaɓi Sabon Kwano A Wani Gida A Zariya

Garejin da za a yi bayani a kansa yana Zariya, a gidan kawuna, ƙanin mahaifiyata, kuma an gina shi ne shekaru bayan kammala babban gidan, lokacin da maigidan ya sayi mota. Tsawonsa mita 6 ne, faɗinsa mita 4. Bayansa yana jingine da bangon gidan, ƙofarsa tana kallon gabas, wajen titi. Ta kudu katangar maƙwabci ce, ta arewa kuma 'yar hanyar da ake bi a shiga cikin gida. Banda mota, a lungun baya ne Kawu yake jibge buhunan masarar da ake kawo masa daga gona bayan kaka, kuma masarar nan ce ta sa maganar rufin ta wuce gyaran faci ta koma ta sauyawa baki ɗaya, domin a damina guda buhu uku suka sha ruwa suka yi fumfuna, ba a farga ba sai da wari ya tashi.

Kafin a kira ni, kafinta uku sun hau rufin a shekaru daban-daban, kuma kowannensu ya sauko da magana guda, cewa kwanon ya tsufa. Na farko ya shafa kwalta a kan ƙusoshi, na biyu ya canza falle shida, na uku ya ƙara ƙusa a kan haɗe-haɗen ya kuma danne su da bulo. Abin da ya ja hankalina tun kafin in hau shi ne bayanin Kawu cewa wurin da aka sa sabon kwano ya ci gaba da yoyo tun a daminar farko. Idan sabon kwano yana yoyo a daidai inda tsoho ya yi, to ba tsufa ba ne ciwon, akwai wani abu a ƙirar rufin kansa.

Saboda haka da awo muka fara. Muka cika siririn tiyo mai haske da ruwa, irin wanda magina suke daidaita linta da shi, muka ɗauki layi guda a bangon baya da kuma saman ƙofa. Bambancin tsayi tsakanin kan rufin da bakinsa santimita 30 ne kacal a cikin mita 6, wato a kowace mita ashirin rufin yana sauka da mita ɗaya, abin da bai cika digiri 3 ba. Da muka ja igiya daga sama zuwa ƙasa sai muka tarar tsakiyar rufin ta lotsa da kusan santimita 4, saboda katakon tubaifo, mai inci biyu da huɗu, da aka shimfiɗa a tsawon garejin sun yi wa wannan tazara ƙanƙanta. Lotsawar nan ta cinye ɗan gangaren da ya rage a ɓangaren ƙasa, ta yadda kusa da bakin kwanon bai ma kai digiri 2 ba. A idon mai wucewa rufi ne mai gangare, amma a wurin ruwa kusan faranti ne.

Kwanon da ke kai shi ne gama-garin nan mai ƙafa shida da ake sayarwa a bandir mai falle ashirin. Domin ya rufe mita 6 sai da aka jera layi huɗu, na ƙarshe yankakke, wato akwai haɗi uku a kan hanyar ruwa, kuma a kowane haɗi fallen sama ya hau na ƙasa da abin da bai wuce santimita 10 ba. Na sa aka zare ƙusoshi aka ɗaga haɗi ɗaya. A tsakanin fallen biyu akwai shimfiɗar laka mai kauri, ja-ja-ja, ƙurar hunturun shekaru da ta shige ta daskare, da guntayen ganyen darbejiya a cikinta. Gefen kwanon da ke kwance cikin lakar tsatsa ta cinye shi har yana marmashewa a yatsa, amma taƙi guda daga nan ƙarfen lafiya lau yake, har yana ɗan ƙyalli idan an goge. Na kira Kawu ya hau tsani ya gani da idonsa, domin na san shawarar da za ta biyo baya ba za ta shige shi ba sai ya taɓa lakar nan da hannunsa.

Abin da ke faruwa a irin wannan haɗi shi ne ruwa yana iya hawa sama a tsakanin fuska biyu da suka matsu da juna, kamar yadda kananzir yake hawa lagwani, kuma lakar da ke ciki ita ce lagwanin. A rufi mai tsayi, haɗin santimita 10 yana nufin sai ruwa ya hau santimita huɗu ko biyar kafin ya tsallake gefen fallen ƙasa. A digiri 3 kuwa, hawan da zai yi a wannan tazara rabin santimita ne kawai. Sai kuma iska. Hadarin farkon damina a wannan yanki daga gabas yake tasowa, da guguwa a gabansa, kuma bakin wannan rufi gabas yake kallo, wato iskar tana bugun ruwan ta mayar da shi sama, kai tsaye cikin bakin kowane haɗi.

Abu na uku shi ne yawan ruwan da kansa, kuma shi ne wanda babu kafintan da ya duba. Zariya tana samun ruwan da ya kai kimanin milimita 1,000 a shekara, amma a cikin wata biyar zuwa shida yake sauka, mafi yawansa a Yuli da Agusta, kuma sau da yawa a mamakon da ba ya daɗewa. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Idan aka ɗauka ruwa yana zuba da ƙarfin milimita 100 a awa, rufin gareji mai murabba'in mita 24 zai karɓi lita 40 a kowane minti. Sai dai wani sashe na rufin babban gidan, wanda muka auna ya kai murabba'in mita 40, yana juye nasa ruwan a kan garejin, don haka abin da ke bi ta kan kwanon ya haura lita 100 a minti. Kwarin kwano gama-gari zurfinsa bai kai santimita 2 ba, kuma a rufin da ya kwanta ruwa ba ya gudu, tafiya yake yi a hankali yana taruwa. Da zarar kwarin ya cika ya shafe tudun, sai ruwan ya bi ta haɗin gefe da ramukan ƙusa ya sauka a kan mota da masara.

Da aka fahimci haka, tambaya ta farko ba ta wane kwano za a saya ba ce, ta nawa za a iya ƙara wa gangaren ce. Ta baya, tsakanin kan rufin garejin da ƙarƙashin bakin rufin gidan akwai santimita 20, kuma dole a bar wurin da za a rataya magudana a kuma cusa kwanon kariya, wanda yake rufe tsakanin rufi da bango, a cikin bangon, don haka abin da za a iya ɗagawa bai wuce santimita 10 ba. Ta gaba kuwa muka ga akwai layin bulo guda a saman lintar ƙofa, wanda ba ya ɗauke da komai sai katakon da rufin ya zauna a kai. Cire shi yana ba da kusan santimita 23 ba tare da an taɓa tsayin ƙofar ba. Idan aka haɗa da talatin na asali, an sami santimita 63 a mita 6, wato digiri 6. Wannan shi ne iyakar abin da ginin zai bayar ba tare da an rushe linta ko an taɓa rufin gidan ba.

Kafintan da muka ɗauka, wanda dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, ya kawo shawara mai ma'ana, cewa a juya gangaren ya bi faɗin garejin maimakon tsawonsa, tunda a mita 4 santimita 63 ɗin nan za su ba da kusan digiri 9. A lissafi ya fi ni gaskiya. Amma ruwan sai ya sauka ko dai a gindin katangar maƙwabci ko a kan hanyar da iyali suke shiga gida. Kawu bai bari an ƙarasa maganar ɓangaren kudu ba, ya ce shekara talatin suna zaune lafiya da mutumin nan, ba zai juya masa indararo ba, kuma addini ya hana cuta da cutarwa. Ta arewa kuma hanyar ba ta kai mita ɗaya da rabi ba, ba ta da lambatu, ruwan zai koma tsakar gida. A nan aka rufe wannan babi, aka tsaya a kan digiri 6.

Daga nan ne zaɓin ya fara tace kansa. Babban ɗan Kawu, wanda shi ne zai biya mafi yawan kuɗin, yana son kwanon nan mai yayyafin tsakuwa da ake yayi a sababbin gidaje, kuma ba laifinsa ba ne, domin yana da kyau a ido, ga shi yana rage ƙarar ruwa. Amma ƙananan falle ne, kowane layi ba ya rufe fiye da santimita 37 ko makamancin haka, ta yadda a wannan gareji za a sami haɗi wajen goma sha shida a maimakon ukun da suka riga suka hana mu barci. Masu ƙera irin wannan kwano da kansu suna gindaya cewa kada gangaren ya gaza digiri 12 zuwa 15, gwargwadon samfuri. Digiri 12 a mita 6 yana bukatar bambancin tsayi na kusan santimita 128, ninki biyu na abin da muke da shi. Mai sayarwa ya ce masa ana sawa a haka kuma ba a kawo masa ƙorafi ba. Na ce da shi, “Yaya, wanda rufinsa ya yi yoyo wurin kafinta yake komawa, ba wurin mai shago ba.” Tayil na yumɓu ko na siminti ma hukuncinsu ke nan, har ma sun fi bukatar tsayi, ga nauyi.

Dakin, wato rufin kankare, ya fi ɗaukar lokaci kafin a ajiye shi, saboda Kawu da kansa ne yake so, da tunanin wata rana a ɗora ɗaki a sama. Kuma gaskiya ne cewa rufin kankare ba ruwansa da ƙarancin gangare kamar kwano, ɗan karkata kaɗan zuwa bakin indararo ya ishe shi. Matsalar nauyi ce. Kankare mai rodi yana auna kimanin kilo 2,400 a kowane curi mai mita ɗaya a tsawo, faɗi da kauri, don haka dakin mai kaurin santimita 15 a kan murabba'in mita 24 ya haura tan takwas da rabi, alhali kwanon da zai rufe wurin gaba ɗaya bai fi kilo ɗari ba. Bangon garejin bulo ne mai inci shida, babu ginshiƙi ko ɗaya a kusurwoyinsa, kuma da muka tona gefe guda muka tarar harsashin ginin bai yi zurfin da zai ɗauki irin wannan kaya ba. Yin dakin yana nufin a tona a kafa ginshiƙai huɗu ko shida da bim, a jira kwana 28 kankaren ya kai ƙarfinsa, sannan a shimfiɗa masa abin hana ruwa, domin kankare tsirara yana tsagewa da zafin rana ya riƙa tsatsafo. Wannan sabon gini ne, ba sauya rufi ba. Ban ce ra'ayin banza ba ne, na ce ranar da aka shirya yin ɗakin sama sai a rushe garejin a tayar da shi daga ƙasa.

Akwai hanya ta uku da ta dace da rufi kwantacce, wato a shimfiɗa katako ko filawud a rufe wurin ruf, sannan a manna masa shimfiɗar kwalta mai kaurin milimita 3 ko 4 da ake narkawa da wutar gas. A Ingila da Amurka, inda gareji mai shimfiɗaɗɗen rufi ya yi yawa, sukan yi amfani da wannan ko da wata baƙar roba mai suna EPDM da ake shimfiɗawa falle guda babu haɗi, kuma a can gangaren ɗaya cikin arba'in ma ana ɗaukarsa wadatacce wajen tsara irin wannan rufi. Ta fuskar gangare, da ita ce amsa. Amma a kasuwannin da na zagaya a Zariya da Kaduna ban sami robar ba balle wanda ya ƙware wajen manna ta, shimfiɗar kwalta kuma ana samu, sai dai baƙa ce tana shan zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni yake kusantar digiri 40 a inuwa, kuma a ƙarƙashinta akwai filawud, abincin gara. Idan ta huje ba a gani sai katakon ya ruɓe. A kan kankare ina yarda da ita, a kan filawud a gidan da ba mai hawa ya duba kowace shekara ban yarda ba.

Abin da ya rage shi ne dogon kwano, wanda ake murzawa a inji a yanka daidai tsawon da mai saye ya bayar. Falalarsa a wannan aiki guda ce kuma ita ce komai: falle ɗaya zai tashi daga bangon gida ya sauka a bakin ƙofa, babu haɗi ko ɗaya a kan hanyar ruwa. Amma ba kowane dogon kwano ba. Wanda aka yi masa ƙirar tayil mai matakala, ko mai ƙananan igiyoyi kamar gama-gari, bai dace ba. Wanda ake so shi ne mai dogayen tudu masu kusurwa da faffaɗan kwari a tsakani, domin kwarin yana ɗaukar ruwa da yawa, tudun kuma yana ɗaga haɗin gefe da ƙusoshi sama da inda ruwa yake kaiwa. Masu ƙera irin wannan sukan yarda da shi har zuwa digiri 3 ko 5 idan babu haɗin tsawo. Akwai ma samfurin da ake maƙalawa ta ƙasa ba tare da an huda shi ba, wanda yake jure digiri 1 zuwa 2, amma wannan ya fi ƙarfin aikin gareji a kuɗi da kuma samuwa. Mun ɗauki tef muka bi wuraren murza kwano muna auna tsayin tudu, saboda injunan ba iri ɗaya ba ne, muka tsaya a kan wanda tudunsa ya kai kusan santimita 3.

Sai gardama ta ƙarshe, alminiyam ko aluzink. Kafinta yana bayan alminiyam, hujjarsa kuwa ba ya tsatsa, kuma wannan gaskiya ne. Da a Legas ko Fatakwal garejin yake, inda iska take ɗauke da gishiri da laima, da ban yi musu da shi ba. Aluzink ƙarfe ne da aka lulluɓe da haɗin alminiyam kashi 55 cikin ɗari, tutiya kusan kashi 43 da rabi, da ɗan silikon, kuma tun farkon shekarun 1970 ake sayar da shi a Amurka da sunan Galvalume. Ya fi kwanon tutiya zalla daɗewa nesa ba kusa ba, musamman a busasshiyar ƙasa irin tamu. Dalilina na fifita shi a nan biyu ne. Na farko, rufin da ya kwanta a ƙarƙashin darbejiya dole a riƙa hawansa ana sharewa, alminiyam kuma taushi gare shi, ƙarfe ya ninka shi wajen tauri kusan sau uku, kuma duk inda ƙafa ta lotsa a rufi mai digiri 6 ya zama ɗan tafki. Na biyu, alminiyam yana miƙewa da zafi ninki biyu na ƙarfe. Falle mai mita 6 da zafinsa ya sauya da digiri 50 tsakanin asubahin hunturu da tsakar ranar bazara zai motsa da kusan milimita 7, ƙarfe kuwa ƙasa da 4, kuma wannan kai da kawo ne yake buɗa ramin ƙusa a hankali. Aka tsaya a kan aluzink mai kaurin milimita 0.45, mai fenti ruwan madara domin ya rage zafi.

Wajen saye na tafi da maikiromita, ɗan ma'aunin kaurin ƙarfe, a aljihu, kuma ina ba duk mai irin wannan aiki shawarar ya ara ko ya saya. A wuri na farko, kwanon da aka kira 0.45 bai kai 0.40 ba, alhali har da kaurin fenti a cikin awon. Ban yi rigima ba, na gode na wuce. A wuri na biyu awon ya yi kusa da abin da aka faɗa, kuma na tsaya aka murza falle biyar masu mita 6.3 daga naɗin da na auna, a gabana. Ɗauko su ma aiki ne, domin a-kori-kura ba ta kai tsawonsu ba, sai da aka ɗaure dogayen katako biyu a ƙarƙashinsu don kada su karye a tsakiya, kuma mutum uku ne suke ɗaukar kowane falle a tsaye ta gefensa.

An yi aikin a watan Maris, kafin hadari ya fara haɗuwa. Aka sauke tsohon rufi da katakonsa duka, aka cire layin bulon da ke kan linta, magini ya yanke bangwayen gefe biyu ya bi sabon gangaren da igiya. Maimakon a sake shimfiɗa katako a tsawon mita 6, sai aka gitta tubaisis busassu, masu inci biyu da shida, a faɗin mita 4, daga bango zuwa bango, a tsaye ta gefensu, santimita 90 tsakanin kowane biyu, bayan an shafe su da maganin gara. Kowanne an ɗaure shi da langa-langa da aka binne cikin bango, domin rufi kwantacce iska ba ta danna shi, tsotsarsa take yi sama, kuma wanda ya ga yadda guguwar farkon damina take yaye rufi ɗungurungum da katakonsa ya san ƙusa kaɗai ba ta isa ba. Kafin a ɗora kwano sai da aka sake jan igiya a kan katakan, wanda ya yi tudu aka fere, wanda ya yi kwari aka yi masa ciko.

A wajen ɗora kwanon ne na fi tsayawa a kan kafinta, kuma ya yi haƙuri da ni. Ba a buga ƙusa mai hula ba, sukuru mai washar roba aka ɗaura a kan tudu, ana tsayawa da zarar robar ta zauna, domin idan aka matse har ta fantsaro gefe rana za ta cinye ta cikin 'yan shekaru. A haɗin gefe aka shimfiɗa siririn danƙon butil kafin falle ya hau ɗan'uwansa, aka kuma ɗinke su da ƙananan sukuru. A can sama, inda kwanon ya tarar da bango, aka lanƙwasa ƙarshen kowane kwari sama ya zama ɗan shinge, don ruwan da iska ta koro kada ya zuba ta baya. A baki kuma aka lanƙwasa shi ƙasa kaɗan, saboda a ƙaramin gangare ruwa yakan lallaɓa ta ƙarƙashin kwano ya koma ciki maimakon ya ɗiga. Duk yankan da aka yi da almakashin kwano aka yi shi, ba da injin yanka ƙarfe ba, domin tartsatsinsa yana ƙona fenti, ɓarɓashinsa kuma yana tsatsa a kan rufi, kuma da yamma sai da aka share ɓarɓashin huda tas.

Kafinta ya so ya toshe tsakanin kwano da bango da kwaɓin siminti kamar yadda aka saba. Na ce, “Baba, a wannan kam a yi mini afuwa.” Kwano yana motsi, siminti ba ya yi, don haka daminar farko zai tsage, bayan haka ɗanyen siminti yana cin lulluɓin alminiyam ɗin da ke jikin aluzink. A maimakonsa aka tsaga layi a bango, aka lanƙwasa kwanon kariya ya hau bangon da santimita 8, iyakar abin da wurin ya bari, aka cusa bakinsa cikin tsagar aka liƙe, ƙasansa kuma ya sauko ya rufe kan tudun da taƙi guda. Na so a ce tsayinsa ya kai santimita 15, amma bakin rufin gidan yana yi masa laima. Daga ƙarshe aka rataya gata, wato magudanar ruwa, a bakin rufin babban gidan, aka ja bututu ya bi saman bangon arewa ya sauka a lambatun titi, ta yadda garejin ya koma ɗaukar ruwan kansa kaɗai. A ganina wannan magudana ta yi rabin aikin, kuma kuɗinta bai kai na falle biyu ba.

Damina guda ta wuce a kansa. A mamakon farko na watan Mayu an ga ɗigo a kusurwar baya ta kudu, inda kwanon kariya ya ƙare a jikin katangar maƙwabci, aka gano ba a naɗe ƙarshensa ba, aka ƙara masa guntu aka liƙe. Daga nan har ruwa ya ɗauke a Oktoba ba a sake ganin laima ba, ko a watan Agusta da aka yi kwana uku ana yi ba ƙaƙƙautawa. Ƙarar ruwa a kan kwanon tana nan, babban ɗan Kawu bai daina ambatonta ba, kuma da rana garejin yana ɗaukar zafi duk da hasken fentin, shi ya sa aka fasa bulo biyu a saman bangon arewa aka sa masu huji da raga don iska ta riƙa ratsawa saboda masarar.

Digiri 6 bai isa ya wanke rufi da kansa ba. Da na hau a ƙarshen hunturu na tarar ƙura da ganye sun kwanta a kwarin, musamman a mita ta ƙarshe kusa da baki, kuma jiƙaƙƙen ganye da ya daɗe a kan aluzink yana cin sa kamar yadda laka ta ci tsohon kwanon. Saboda haka aka sare reshen darbejiyar da ya miƙo kan garejin, aka kuma ɗora wa ƙaramin ɗan gidan sharar rufin da gatar sau biyu a shekara, a farkon Afrilu da tsakiyar Agusta. Na nuna masa layin sukuru, na ce nan ne katako yake a ƙasa, nan kaɗai zai taka, a cikin kwari ba a kan tudu ba, kuma da takalmin roba. Kawu ya sa aka ajiye masa tsani da tsintsiyar kwakwa a lungun garejin, kusa da buhunan bana.